Ciyawar da Ta Tsiro a Ƙarƙashin Jirgi

Makon jiya wasu samari uku suka zo atiliye, wato rumfar aikinmu, neman koyon aiki. Kafin in gama amsa sallamarsu, ɗaya ya ciro waya ya nuna min wani Bature yana shafa rezin a jikin jirgin ruwa. Minti huɗu ya gama, har da kiɗa. Ya ce, "Baba Isiyaku, ai kamar fenti ne. Kwana nawa za mu yi mu iya?" Na ce su tafi su dawo ranar Asabar. Abin da ban samu natsuwar faɗa musu a tsaye ba shi ne na zauna na rubuta, kuma duk wanda ya dawo sai ya karanta shi daga farko har ƙarshe kafin ya taɓa buroshi. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka kada a nemi kwalliyar magana a wurina. Zan bi abin daki-daki, yadda nake bin aikina.

Da farko, fenti bushewa yake yi. Rezin ba ya bushewa, dahuwa yake yi. Wanda bai rarrabe waɗannan biyun ba, gara ya je ya koyi aski.

Abu uku ne a aikin nan. Akwai rezin, ruwa mai kauri kamar zuma, yana zuwa cikin durom daga Duwala, jirgin ƙasa ya sauke shi a Ngawundare, babbar mota ta ƙaraso da shi nan Garwa. Akwai fibir, farar tabarma ta zaren gilashi, ita ce ƙashin aikin. Sai katalizer, ruwa ne garau kamar na sha, shi ake ɗigawa cikin rezin ya tayar da shi. Da zarar ka ɗiga ka motsa, ba ka da sauran iko da lokaci. Rezin zai yi ɗumi, ya koma kamar kunu, ya koma kamar tuwo, sannan ya zama dutse. Duk abin da za ka yi, tsakanin zuma da kunu za ka yi shi. Sauran kayan ba su da yawa: sikeli, sirinji na auna katalizer, buroshi, rulo mai zara-zara na korar iska, samfefa, da asiton na wanki. Sai kuɗin ƙarfe guda ɗaya a aljihu, zan faɗi amfaninsa.

Aikin farko da aka ba ni a atiliyen Alhaji Ɗanladi wankin buroshi ne, kuma wata shida na yi a kansa. Alhaji ɗan kasuwa ne, kakansa daga Kano ya zo, shi ya sa dukiyarsa ya buɗe wurin amma bai taɓa shafa rezin ba. Mai aikin shi ne Shef Anto, mutumin kudu, wanda ya yi shekaru a rumfar gyaran jiragen ruwa a Duwala. Faransanci yake yi da gurguwar Fillanci, ni kuma Hausa da Fillanci da gurguwar Faransanci, a tsakiya muke haɗuwa. Idan na miƙa masa buroshi sai ya lanƙwasa gashin kusa da kunnensa. In ya ji ƙas, ya jefo min shi ba tare da ya dube ni ba. Bayan wanki aka ƙara min yankan fibir. Ku da kuke ganin fara ce mai laushi, ku jira dare ya yi ku kwanta. Ƙaiƙayinta yana shiga har ƙarƙashin fata, kuma in ka kuskura ka yi wanka da ruwan ɗumi ka ƙara tura ta ciki. Ruwan sanyi, ba soso, ba sosawa. Wannan babu shi a cikin waya.

Tankin ruwa na farko da na yi da hannuna na wani gida ne a unguwar Yelwa. Na shimfiɗa fibir zubi uku, na goge, ya yi sheƙi, na tsaya gefe ina jiran yabo. Shef Anto ya zo ya ciro kuɗin ƙarfe ya fara ƙwanƙwasa tankin daga sama zuwa ƙasa, kansa a karkace. Inda aiki ya kama, ƙarar takan fito tsaf kamar ka buga kwano. Inda iska ta ɓuya, sai ka ji ta a dushe kamar ka buga kabewa. Ya zagaye wuri bakwai da alli, ya miƙo min samfefa, ya ce, "Ido maƙaryaci ne, peti. Kunne ake tambaya." Peti yake kirana, wato yaro. Kwana biyu na yi ina kankare abin da na yi a yini ɗaya.

Sai maganar zafi. A jikin kowane durom akwai takarda da ta faɗi yawan katalizer da za a zuba. Waɗanda suka rubuta ta a ƙasar da ake sa kwat suke zaune. Wata rana cikin Afrilu, wajen ƙarfe sha ɗaya, Shef ya tafi kasuwa, ni kuma na ga na iya karanta Faransanci. Na auna kilo biyar a bokiti ɗaya, na bi takarda daidai, na motsa. Ban gama shafa zubin farko ba buroshi ya tsaya a cikin bokiti. Bokitin ya yi zafin da ba a taɓawa, ya fara hayaƙi, ya tsage da ƙara. Da Shef ya dawo bai yi faɗa ba. Ya fasa bokitin, ya ciro dunƙulen da buroshi a tsakiyarsa, ya huda ya rataye a ƙusa bisa ƙofa. Har yau yana nan, shi ne abin da kuke tambaya ko ado ne. Abin da ya ce kawai shi ne, "Takarda ba ta taɓa zuwa Garwa ba." Daga ranar na sayi littafi na fara rubuta awona: wata kaza, ƙarfe kaza, ɗigo kaza. Da bazara a fara bayan asuba a tashi kafin ƙarfe goma, a riƙa haɗa kaɗan-kaɗan a gwangwanin tumatir. Da damina a jira raɓa ta ɗauke. Da sanyi a ƙara ɗigo, a ƙara haƙuri.

Masu kawo aiki kuwa, Allah Ya ba ku juriyarsu. Mai moto, wato babur, zai zo da fasasshen murfi, injin na kunne, ya ce a yi masa yanzu fasinja na jira. Wata za ta kawo bahon roba, ka ce mata rezin ba ya kama irin wannan robar, ta ce rowa ce. Mafi ban haushi shi ne mai cewa a ƙara magani don ya fi ƙarfi. Wani mahauci ya taɓa tsaya min a ka yana cewa, "Ɓesdu, ɓesdu, zan biya," wato in ƙara. Na ce katalizer ba yaji ba ne, in ya yi yawa aikin gautsi yake yi kamar kwalba. Ya ce shi ya san ana cuta. Na haɗa masa yadda yake so a wani ɓallin fibir, na ba shi ya lanƙwasa. Ya karye a hannunsa. Ya ce to ai ban gaya masa ba.

Yanzu na zo kan shekarar da aka karya darajar sefa, kuɗin ƙasarmu, wadda ita ce dalilin wannan rubutu. Duk abin da ke zuwa daga waje ya ninka, kuma rezin da fibir da katalizer babu wanda ake nomawa a gonakin Pitowa da ke kusa da mu. Masu son tanki suka koma randa da tsohon durom. Shef Anto ya tattara ya koma kudu, ya bar min sikelinsa. Ma'aikata suka watse, muka rage ni da mutum biyu. Alhaji Ɗanladi ya kira ni ya nuna min lungun ajiya.

Ya ce, "Isiyaku, durom nawa ka gani?"

Na ce, "Biyu, Alhaji."

"To su ne. Ranar da suka ƙare ban ga aikin da zai sayo wasu ba, rumfar nan ajiyar albasa za ta koma. Albasa ba ta zuwa daga Faransa."

Cikin Fabrairu sai ga Baba Mamman daga Lagdo, inda babban tafki yake. Basarke ne, wato masunci ɗan gado, iyayensa daga Kabi suka biyo ruwa, shi ne babban masuntan zangonsu. Katakon sassaƙa sabon jirgi ya gagare su, tsofaffin kuma suna yoyo, rabin yini a kwarfar ruwa yake ƙarewa. Ya ji labarin ana yi wa jirgi rigar fibir da rezin. Aka yi magana a gaban Alhaji: za a gwada da jirginsa. In ya yi wata guda a ruwa lafiya, akwai jirage sha ɗaya a bayansa, kuma masu su za su haɗa abin da za a sayo sabon rezin. Da ya ji kakana Bakatsine ne sai ya yi dariya ya ce ashe bawansa aka ba aikin. Wasan Kabawa da Katsinawa bai bar mu ba ko a Garwa.

Aka kawo jirgin a mota. Na sa aka kife shi a kan tsofaffin tayoyi a filin bayan atiliye, wurin da zana kawai ta kewaye. Na ce, "Baba, kwana ashirin da ɗaya zai yi a nan. Ko ɗigon ruwa kada ya taɓa shi. Rezin ba ya kama jiƙaƙƙen katako."

Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. Ya ce, "Bakatsine, ka taɓa mallakar jirgi?"

"Ban taɓa ba."

"Shi ya sa. Jirgi ruwa ne ke riƙe da shi. Katako ya sha ya kumbura, ya matse ɗan'uwansa. Ko kwana biyu za mu ja shi tudu, sai mun zuba masa ruwa safe da yamma. Ka bar shi a ranar Garwa kwana ashirin, itacen girki za ka ba ni."

Na ce zai buɗe, gaskiya ne, kuma ni zan cike. Na bi masa matakan ɗaya bayan ɗaya. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, Allah Ya sa." Na ɗauka ya yarda. Ya sauka a gidan wani ɗan'uwansa kusa da gadar Binuwai, kullum yana zuwa ya zauna a inuwar zana yana gyaran koma, wai yana taya jirgi hira.

A nan ku buɗe kunne. Shef Anto ya koya min yadda ake tambayar katako ko ya bushe. Da yamma ka yanki farar leda kamar tafin hannu biyu, ka manna a jikin katakon, ka rufe gefunan da salatif. Da safe ka duba. In leda ta yi gumi, akwai ruwa a ciki, ko da saman ya bushe ƙayau. Abin ba ya cin ko sisi. Ban yi ba. Na ƙirga kwana ashirin da ɗaya a kalanda, na dubi ranar da ke fasa ƙasa, na ce wane ruwa ne zai rage. Da yake babu aiki a lokacin, sai wajen ƙarfe takwas nake isowa, in shafa jirgin in ji shi da zafi. Na lura katakon bai buɗe yadda na zata ba, na ce itace ne mai kyau. Ranar da na durƙusa ina goge gefen ƙasa, na kori akuyar maƙwabta daga ƙarƙashin jirgin har sau biyu, ban tambayi kaina me take ci a can ba.

Kwana uku muka yi muna shimfiɗa. Durom guda ya tafi. Na sa shuɗin launi a zubin ƙarshe, jirgi ya fito kamar sabon faranti. Na ciro kuɗin ƙarfe na ƙwanƙwasa. A wuri biyu kusa da gindi ƙarar ta ɗan dushe. Na ce tsufan katako ne. Kun ga sau nawa aka gaya min ke nan ban ji ba.

Bayan kwana sha shida, da hantsi, moto ya tsaya a ƙofar atiliye. Baba Mamman ya sauko da wani abu shuɗi a naɗe kamar fatar saniya, ya jefar a gabana.

Ya ce, "Ga rigar da ka ɗinka. Jirgi ya ce ta yi masa yawa."

A tsakiyar tafki ta saki. Ta fara daga gindi, ruwa ya shiga tsakaninta da katako, ta buɗe kamar buhu tana jan jirgin gefe. 'Ya'yansa biyu ne a ciki. Sai da suka yanke koma suka bar ta da kifinta, ɗaya na tuƙi ɗaya na kwarfa, kafin suka kai gaɓa. Yana faɗa, mutanen layi suna taruwa. Alhaji ya fito daga shago ya ce wataƙila rezin ne ya tsufa. Baba Mamman ya ce ba tsufa ba ne, gam ɗin Katsinawa ne, baki kawai.

Na buɗe fatar na juya cikinta. Da rezin ya kama busasshen katako, in ka ɓare shi da ƙarfi sai ya taho da tsokar itace. Wannan sumul take, fari-fari kamar an shafa nono. Ruwa ne kaɗai ke yin haka. Na ɗebi rezin daga durom na biyu na gwada a wani busasshen katako, da la'asar na sa guduma, katakon ya tsage rezin bai saki ba. To ba rezin ba ne. Na zaga bayan atiliye na tsaya inda jirgin ya kwanta. Wata biyar rabon Garwa da ruwan sama, filin ƙasa ce ja ƙwal. Amma tsakanin tayoyin ga ciyawa, ta bushe ta yi rawaya, akuya ta ci rabi, sauran kuwa ta zana jirgi sak, da hancinsa da gindinsa.

Na kira Baba Mamman da Alhaji. Na nuna. Na ce, "Baba, bokiti nawa?"

Ya ce, "Bokitin me?"

"Na asuba."

Ya dubi ciyawar. Sannan ya ce, "Huɗu. Ranar da zafi ya yi yawa, shida. Daga masallaci nake biyowa, rijiyar maƙwabcinku ba ta da nisa."

Alhaji ya ce, "Haba Baba, ba a gaya maka ba?"

"An gaya min. Na ji, ban yarda ba ne. Shekara hamsin ina ganin abin da rana ke yi wa jirgi. Shi wannan bawan nawa ko iyo bai iya ba. Kwana na uku na ga katako ya fara buɗe baki, in tsaya ina kallo? Na ce in ba shi kaɗan, kafin ya iso saman ya bushe, kowa ya huta."

Ba ya jin kunya ko kaɗan, kuma ba mugunta ya yi ba. Abin da ubansa ya koya masa ya yi, kuma a kan jirgin da ba shi da riga ubansa ne mai gaskiya. Alhaji ya juyo gare ni ya ce to ai laifi ya fita daga kanmu. Na ce, "Bai fita ba, Alhaji. Ruwan nasa ne, ledar da ba a manna ba tawa ce." Sai da na yi masa bayanin leda. Fuskarsa ta canja.

A makon nan wani ya zo yana son tanki babba, wanda zai cinye durom na ƙarshe, a karɓi kuɗi a rufe rumfa cikin mutunci. Alhaji ya fi son haka. Na ce a ba ni durom ɗin in sake jirgin. Tanki ɗaya ne, ba shi da 'yan'uwa sha ɗaya a bayansa.

Ya ce, "In ta sake ɓarewa fa?"

Na ce, "Ni zan jera maka albasar da hannuna."

Ya kwana biyu bai ba ni amsa ba, rana ta uku ya aiko min da makullin lungu.

Na kafa wa Baba Mamman sharaɗi, shi ma ya kafa min. Nawa shi ne: kowace yamma shi da kansa zai manna leda a wuri uku, kowace safiya shi zai duba, kuma ba za a shafa komai ba sai ranar da bakinsa ya ce ta bushe. Nasa shi ne: ranar da za a sa jirgi a ruwa, ni zan fara shiga, har tsakiyar tafki. Na ce ban iya iyo ba. Ya ce shi ya sa.

Safiyar farko leda ta jiƙe sharkaf kamar murfin tukunya. Ya shafa da yatsa, ya shafa katakon da ke gefenta ya ji shi a bushe, ya sake shafa ledar. Kwana goma tana gumi. Katako kuwa ya buɗe yadda ya faɗa, har ya fi. Wata safiya na same shi ya zura yatsa a tsakanin katako biyu yana hango ƙasa ta ciki.

Ya ce, "Ka kashe shi, Bakatsine."

Na ce, "Baba, me leda ta ce?"

"Ta ce saura kaɗan. Ita ma Bakatsiniya ce."

Na sa maƙwabci ya kulle rijiyarsa da asuba, ba don ban yarda da Baba Mamman ba, sai don na san hannu yakan riga tunani. Afrilu ya shigo, hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma yana watsewa. Ruwa ɗaya ya isa ya mayar da mu farko, kuma ba mu da rumfar da za ta ɗauki tsawon jirgin. Alhaji yakan leƙo ya dubi sama ya dube ni. A rana ta ashirin da shida Baba Mamman ya ɓare leda uku, ya ɗaga su ga haske ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ta bushe. Yi abinka."

Ga yadda aka yi, kuma haka za ku yi. Na farko, aka goge katako da samfefa mai kaushi har ya nuna sabon jiki. Na biyu, na kwaɓa rezin da garin katako na cike kowace tsaga, Baba Mamman na biye da ni yana nuna waɗanda na tsallake. Na uku, na shafa rezin tsarara na bar katako ya sha. Sannan fibir, zubi uku, rabin kilo-rabin kilo a gwangwani, ɗigo kaɗan saboda zafi, daga bayan asuba zuwa ƙarfe tara. Na lanƙwaso fibir ɗin ta bakin jirgi zuwa ciki, na danne da siririn katako da ƙusa, na shafe cikin ma. Kwana huɗu. Da muka gama na karkata durom, abin da ya fito bai cika kofin shayi ba. Na miƙa wa Baba Mamman kuɗin ƙarfe na nuna masa yadda ake saurare. Ya bi jirgin taku-taku daga hanci zuwa gindi, ya fi ni daɗewa. Washegari da la'asar ruwan farko ya sauka.

A Lagdo zangon gaba ɗaya ya fito kallo. An riga an ba su labarin Bakatsinen da bai iya iyo ba. Na cire takalmi na shiga na zauna a tsakiya. Baba Mamman ya miƙo min ƙoƙon kwarfa ya ce, "Riƙe. In ka yi ƙarya, da wannan za ka gyara ta." Shi da babban ɗansa suka tuƙa har mutanen gaɓa suka koma kamar tururuwa. Ya ajiye filafili, ya miƙe tsaye, ya dafa ƙafa a kowane gefe ya fara jijjiga jirgin da gangan. Ba zan ce komai a kan wannan ba sai dai na riƙe katakon zama da hannu biyu. Ya gaji ya zauna, ya shafa ƙasan jirgin, ya dubi tafinsa. Muka juyo. A gaɓa na miƙa masa ƙoƙonsa a bushe, ya ɗaga shi sama ya kife don kowa ya gani.

Wata ya cika, riga ba ta motsa ba. Jiragen nan sha ɗaya suka zo da kaka, bibbiyu, kuma kowane mai jirgi Baba Mamman ne ya tsaya a kansa da leda, yana yi masa faɗan da ni ban isa in yi ba. Albasar Alhaji a wani wuri aka ajiye ta.

Bayan shekara biyu na je Lagdo duba wani aiki, na kwana. Da gari ya waye na ga jirgin nan shuɗi an ja shi tudu, Baba Mamman na tsaye a kansa da bokiti yana kwarara masa ruwa, ruwan na gangarowa a kan rezin ko ɗigo bai shiga ba.

Na ce, "Baba, ai yanzu ba ya sha."

Ya ce, "Na sani. Kai ka yi naka, bar ni in yi nawa."

Na bar shi.

To, ku da za ku dawo ranar Asabar. Na jingine katako uku a bayan atiliye. Ɗaya daga cikinsu na sha zuba masa ruwa, kuma rana ta busar da samansa, in kun taɓa duk ɗaya za ku ji su. Ga leda nan da salatif a kan tebur, ga buroshi a gefe. Zan zauna a bakin ƙofa in ga abin da kowa zai fara ɗauka.